Jimlar Sakaya Aikau ta Ingilishi da Matsalar Kawo Ta Cikin Hausa

Manufar wannan takarda ita ce ta yi suka a kan wata ƙa'ida da ta zama jiki a ajin koyon Ingilishi, watau cewa duk jimlar da Bature ya gabatar da karɓau a cikinta ya sakaya aikau, to, lamirin "an" ko "aka" shi ne kishiyarta a Hausa. A ganinmu wannan ƙa'ida rabin gaskiya ce.

Bari mu ɗauki misali daga abin da ɗalibin Rano ko na Kibiya ya sani sarai. A 2019 aka ɗaga Rano ta zama masarauta mai daraja ta ɗaya, a watan Mayu na 2024 aka soke dokar, a watan Yuli kuma aka maido ta da daraja ta biyu, tana riƙe da Rano da Bunkure da Kibiya. Idan jarida ta rubuta *the emirate was dissolved*, fassararmu "an rushe masarautar" ta yi daidai. Amma da zarar ta ƙara *by the House of Assembly*, sai ƙa'idar ta kasa, domin "an" shi kansa aikau ne wanda ba a fayyace ba, ba ya kuma yarda a ambaci wani aikau a bayansa. Nan ne mai fassara kan laƙa "ta hannun Majalisa". Ai kuwa ma'ana ta sauya: Majalisa ta koma 'yar aike, mai sauraro kuma sai ya shiga tambayar wanda ya aike ta. A sha'anin sarauta wannan ba ƙaramin kuskure ba ne. Bahaushe cewa zai yi, "Majalisa ce ta rushe masarautar", ko kuwa, "Masarautar, Majalisa ta rushe ta."

Wasu malamai kan fake da aikatau aji na bakwai a rabe-raben da Parsons ya yi a 1960, irin su "dafu" da "gyaru". Gaskiya ne a nan karɓau ya hau kujerar aikau, kamar yadda yake yi a Ingilishi. Sai dai "tuwo ya dafu" ba labarin an dafa tuwo kawai yake bayarwa ba, yabon dahuwar yake yi; "ba ya gyaruwa" kuwa magana ce ta abin da ba zai yiwu ba. Wanda ya ce "masarauta ta rusu" ya faɗi abin da jaridar ba ta faɗa ba, tun da ga ta nan an maido ta bayan wata biyu.

Saboda haka muna ba da shawara a raba darasin gida biyu: jimlar da ta yi shiru a kan aikau, a ba ta "an", wadda ta ambace shi kuwa, a juya ta a sa shi gaba da "ne" ko "ce".