Jinjina ga Masu Kallon Living in Bondage

A 1992 Kenneth Nnebue ya fitar da fim ɗin Living in Bondage a kaset ɗin bidiyo, da harshen Ibo, da ɗan jari kaɗan. Labarin Andy Okeke ne, wanda ya miƙa matarsa Merit ga ƙungiyar matsafa don ya kuɗance, fatalwarta kuma ta hana shi sakat.

Hoton dishi-dishi ne, sautin yana ƙara, amma masu kallo suka rungume shi hannu bibbiyu. A falo ɗaya maƙwabta kan cika, yara a ƙasa, ana gardama: wasu na tsine wa Andy, wasu na cewa talauci ya ja shi. Bakinsu ne tallar fim ɗin, daga Anaca har Legas.

Masu kallon ne suka sa 'yan kasuwa zuba kuɗi a harkar da aka sa wa suna Nollywood, har Ramsey Nouah ya ci gaba da labarin a wani sabon fim a 2019.