Daga Taskira Zuwa Getzner: Sutura a Kudancin Katsina

Wanda ya tsaya a filin idin Ƙanƙara ko Faskari da safiyar salla zai ga shadda tana ɗaukar ido tun daga sahun gaba har na yara. Idan ya bi sawun yadin, zai tarar mai tsadar Getzner ce daga Ostiriya, mai sauƙin kuwa daga Sin ta fito. Abin mamakin, ƙasar da ake tsaye a kanta ƙasar auduga ce. Daga Sabuwa zuwa Faskari har Ƙanƙara, kakannin waɗannan masu sallar su ne suka ciyar da injinan gurzar auduga na Funtua da Malumfashi.

Yawancin masu nazarin suturar Hausa daga fada da birni suke farawa. Suna da hujja. Barth, wanda Hausawa suka sani da Abdulkarim, ya shiga Kano a 1851, ya kuma ƙiyasta tufafin da birnin ke fitarwa a shekara da wuri miliyan 300. David Heathcote ya yi digirinsa na uku a Jami'ar Ahmadu Bello a kan aikin allurar rigunan Hausa, irin su aska biyu da aska takwas. Sai dai kafin riga ta kai hannun maɗinki, ta bi ta hannun wata mace a ƙauye: ta gurza auduga, ta yi shiɓa, ta dangwali alli ta murza mazari, ta fitar da zare da abawa. Sannan masaƙi ya saƙa ƙwarya ƙwarya, marini ya tsoma a karofi, a kai mabuga. Kuɗin kaɗi ne ke saya wa 'yarta kwalla da tasa. Sunanta bai shiga littafi ba.

Akwai wani zato da nake ganin ya kamata a kawar, wai Turawa ke da sauyin ado, mu kuwa al'ada ce kawai wadda ba ta motsi. Harshenmu ya ƙaryata wannan, domin kalmar “yayi” ba aro ba ce. An yi yayin saƙi mai zanen zabo, da barage, da tsamiya, da ɗan Kura mai baƙin sheƙi. Hula ma haka: haɓar kada ta ja baya, dara ta yi zamaninta, zanna bukar ta shigo daga Barno ta zauna daram. Ko a zamanin da, alharinin da ake ƙawata barage da shi ta hamada ake kawo shi. Ke nan baƙon zare ba yau ya fara shiga rigarmu ba.

A 1899 wani masani Ba'amurke, Thorstein Veblen, ya ce tufar manya tana shelar cewa mai ita ba ya aikin ƙarfi. Babbar riga ta gaskata shi, don mutumin da ke ta naɗe hannun riga a kafaɗa ba zai riƙe fartanya ba. Amma a nan ra'ayin nasa ya tsaya. Manomin Sabuwa da ke yini a gona da 'yar shara yana da tasa rigar a adaka, ta Juma'a da ɗaurin aure. Dukiya ce: ana gadonta, ana jinginar da ita ranar matsi, basarake yana tuɓe ta ya ba maroƙi. Rawani kuma ya fi ado nauyi. Da Sarkin Gobir Nafata ya so karya jama'ar Shehu Usmanu, cikin dokokinsa har da hana maza naɗi, mata lulluɓi. Har gobe, ba a cewa an ba Sarkin Pauwa na Ƙanƙara mulki, sai dai a ce an naɗa shi.

Suturar mata ta fi saurin juyawa. Bayan kafa Izala a Jos a 1978 da yaɗuwar makarantun Islamiyya, hijabi ya ture gyale a gidaje da dama cikin 'yan shekaru, ga kuma abaya da anko sun biyo baya.

To, me ya mutu? Ba rigar ba. Yankanta na nan, aska tana nan a ƙirji, ko da keken aiki ne ya zana ta. Abin da ya mutu shi ne hanyar da ke tsakanin gona da jiki. Tun da kamfanin auduga na Ingila da aka kafa a 1902 ya fara sayen auduga a buhu, taskira, kwandon mai kaɗi, ta soma rasa abin ci. Masaƙun zamani sun ɗan riƙe kuɗin a gida: ta Kaduna ta buɗe a 1957, amma ta rufe a 2002. Yanzu ga rashin tsaro ya kori manoma da yawa daga gonakin Faskari da Sabuwa, tsofaffin da suka iya kaɗi suna zaman gudun hijira a gidajen dangi.

Waɗannan tsofaffin suna raye, kuma suna iya gaya maka bambancin zaren saƙar zane da na gwado. Ɗaliban Hausa da na tarihi a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ta Dutsin-Ma, ku ɗauki na'urar naɗar murya ku same su tun suna nan.