Jinjina ga masu ɗaure baka

Mafarautan Jalingo da ƙauyukan Mumuye da ke kewaye da ita sun san cewa baka bai cika karyewa ta ciki ba, ta baya ya fi tsagewa. Idan aka ja tsirkiya, gefen da ke fuskantar abin harbi, wato bayan bakan, shi ke miƙewa, kuma sartse guda in ya ɗaga, aikin wata guda ya tafi a banza.

Nan ne gwanintar masu wannan sana'a take. Sai sun kankare itacen ya yi sumul, su shafa manne, su shimfiɗa ƙyalle mai ƙarfi bisa tsawon bayan, suna matse shi da yatsa kada iska ta ɓuya a ƙasa. Ƙyallen ba ya ƙara wa kibiya gudu sosai, aikinsa riƙe jijiyoyin itace. Mutanen da kuwa, da fata da jijiyar dabba suke naɗe shi, wasu ma har gobe sun fi yarda da su, ba kuma zan ce sun yi kuskure ba.

Bindigar toka ta rage musu kasuwa. Duk da haka, in ka ga maharbi da kwari da baka, tambaye shi wanda ya ɗaure masa, ka je ka saya a can.