Daga ɗan wasa zuwa mai tsara wasa: Yazi Dogo da matsalar «marubuci» a teyatur na Damagaram

1. Gabatarwa

A rubuce-rubucen Faransanci da ake yi kan fasahar Nijar, in an zo kan Yazi Dogo, sau da yawa akan jera masa kalmomi uku: comédien, auteur, metteur en scène. Jerin yana da ma'ana ga wanda ya yi lakwal, domin tsani ne da muka gada daga tarihin wasan kwaikwayon Faransa, inda Moliyer (1622-1673) ya fara da hawa dandali, ya shugabanci ƙungiya, ya kuma bar wasanni bugaggu waɗanda ake karantawa a aji. Da zarar mun juya kalmomin nan zuwa Hausa, sai ta tsakiya ta ƙi zama. Ɗan wasa, kowa ya yarda. Mai tsara wasa da jagorancin ƴan wasa, nan ma babu gardama. Amma marubuci fa? Ɗalibin da aka aika ya nemo wasannin Yazi Dogo kamar yadda zai nemo Jatau na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi, zai tarar mafi yawansu ba su taɓa zama littafi ba.

A wannan maƙala muna so mu nuna cewa sauyin da mutumin nan ya yi, daga mai ba da dariya zuwa mai shirya wasa, sauyi ne na gaske, kuma aikin mawallafi ne, ko da yake alƙalami bai taka rawa sosai a ciki ba. Abin da ya wallafa shi ne rabon muryoyi tsakanin ƴan wasa. Za mu kuma faɗi abin da muke ganin sauyin ya ci masa.

2. Garin da zamanin

Damagaram ba ta jira zuwan Nasara ba kafin ta san kwaikwayo. Ƴan kama suna juya karatun malamai su mai da shi zancen tuwo da miya. A wasan kara, samari sukan kwaikwayi sarki da fadawa da manyan gwamnati, da tufafinsu da tafiyarsu, su ratsa gari. Inoussa Ousseini, ɗan garin, ya ɗauki wannan biki a fim ɗinsa Wasan kara (1980), kuma Chaïbou Dan-Inna ya yi nazarin irin waɗannan siffofi na wasa a al'adun Hausawa tun ƙarshen shekarun 1970. Garin da ya zauna babban birnin mulkin mallaka har 1926, mai fada a Birni, da fatake a Zango, da ma'aikata a biro, bai rasa mutanen da za a kwaikwaya ba.

Abin da ya zo sabo shi ne teyatur, wato wasa mai labari guda, mai fitowa-fitowa, a kan dandali ko gaban makirfo. Bayan juyin mulkin Afrilun 1974, gwamnatin Seyni Kountché ta farfaɗo da samariya, ta kafa bikin matasa na ƙasa, wanda aka fara yi a Damagaram a 1976, inda jihohi suke gasar waƙa da rawa da wasan kwaikwayo. Tele ta ƙasa ta soma aiki sosai a 1979. A cikin wannan yanayi ne ƙungiyar wasa ta gidan rediyon Damagaram, ƙarƙashin hukumar da a lokacin ake kira ORTN, ta yi suna a ƙasar baki ɗaya, har a gidajen da ba Hausa ake yi ba. Yazi Dogo, wanda malamin makaranta ne, yana cikin ginshiƙanta. Jama'a suna ambatonsa tare da su Umaru Naino da Abdu Lushe da Hajiya Delu. Daga baya ya koma Yamai, inda ya jagoranci ƙungiya mai ɗauke da sunansa.

3. Yadda ake «rubuta» wasan da ba a rubuta ba

Janet Beik, a littafinta na 1987 kan wasan kwaikwayon Hausa a Nijar, ta kira wannan fasaha adabin baka na zamani, ta kuma bayyana yadda ake haɗa wasa. Wani ya kawo labari, a tattauna shi, a yanka shi fitowa-fitowa, a raba wa kowa matsayinsa, sannan a shiga gwaji. Maganganun ba a haddace su daga takarda. Kowane ɗan wasa shi ke ƙirƙiro nasa, gwaji bayan gwaji, har su zauna. In akwai takarda, ƙashin bayan labari ne kawai, abin da Faransawa ke kira canevas.

Wani zai ce, to ai ke nan babu mawallafi, kowa mawallafi ne. Ba mu yarda ba. Ɗan barkwanci, a ɗabi'arsa, maƙiyin agogo ne: in ya ji ƴan kallo sun kama dariya, ja zai yi ta yi har ta tsinke. Ƴan kama a bakin kasuwa suna da wannan dama, domin babu mai tsai da su sai dare ko ƙarewar kyauta. Gasar bikin matasa tana da alƙalai da ƙayyadadden lokaci; rediyo da tele suna da mintocinsu. Dole a sami wanda zai ce wa abokinsa: nan za ka tsaya, wannan maganar ta yi daɗi amma ba ta kai mu ko'ina, wancan zai shigo kafin ka rufe baki. Wanda ya iya faɗin haka a ji shi, sai wanda ƴan wasa suka san ya fi su sanin inda dariya take. Ta wannan ƙofa ce, a fahimtarmu, Yazi Dogo ya shiga aikin tsarawa. Aikin koyarwa ma ya ba shi wani abu: mushe ya saba raba darasi kashi-kashi, ya saba sanin lokacin da aji ya gaji.

Sai dai yankewa rabin aikin ce. Ɗaya rabin ya shafi harshe, kuma nan ne muke so mu daɗe.

Taurarin teyatur na wancan zamani sanannu ne: alhaji mai son a sani, malamin tsibbu, ma'aikacin biro, tsohon soja, baƙauye, uwar gida da amarya, dillaliya. Manazarta sukan ɗauke su a matsayin nau'o'in hali. Mu muna ganin kowannensu, kafin komai, nau'in magana ne. Malami yana yayyafa Larabci inda ba a tambaye shi ba. Tsohon soja yana da Faransancinsa na bariki, wanda ba ya bin nahawun kowa. Baƙauye yana zuwa da karin harshen ƙauyensu da doguwar gaisuwa. Ma'aikaci kuwa yana surka Hausa da Faransanci don ya sa tazara tsakaninsa da mai nema. Bari mu ƙirƙiro misali namu, ba daga wani wasa muka ciro shi ba. Ma'aikaci ya ce: «Bon, tsoho, dosiyenka ba ta cika ba, il faut ka dawo lundi.» Tsoho ya durƙusa ya ce: «To, ranka ya daɗe, Allah ya kai mu», alhali bai san wace rana ce aka sa masa ba.

A nan ƴan kallo sun rabu biyu. Waɗanda suka yi lakwal suna iya yi wa tsohon dariya. Waɗanda ba su yi ba, kuma su ne mafi yawa, ma'aikacin suke yi wa, domin sun san shi, sun tsaya gabansa. Wa dariyar za ta faɗa wa a ƙarshe? Ɗan wasan da ke ma'aikaci ba shi da ikon yanke wannan, haka ma mai yin tsoho. Mai tsarawa ne ke yankewa: wa zai yi maganar ƙarshe, shirun da zai biyo baya na daƙiƙa nawa ne, ko tsohon zai juyo ya tambayi masinja a asirce, ko kuwa zai fita yana godiya. Wannan hukunci ne kan al'umma mai harsuna biyu marasa daidaiton daraja, kuma wanda ya yanke shi ya cancanci sunan mawallafi, ko bai ɗiga tawada ba. Ƙarfin wasannin Damagaram, a ganinmu, shi ne sau da yawa dariyar takan koma kan mai taƙama da harshen da ba a ji.

Matsalar ita ce, wannan shi ne ainihin abin da ƙa'idojin rubutunmu ba su riƙewa. Rubutun boko na Hausa ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali a rubutun yau da kullum. Daidaitacciyar Hausa kuma tana mai da hwaɗa ta zama faɗa, tahi ta zama tafi, sunka na yamma ta zama suka. Sunan ɗaya daga wasannin da aka fi tunawa, Gado ƙarhin Allah, ya isa misali: editan da ya «gyara» shi ya koma ƙarfin ya ɗauke wasan daga bakin masu shi. In aka yi wa dukan maganganun haka, baƙauye da ma'aikaci da alhaji za su wayi gari da murya ɗaya, wasan kuma ya mutu a kan takarda.

Kwatanci da Najeriya yana da amfani. Umaru Ɗanjuma Katsina, wanda aka sani da Kasagi, shi ma ɗan wasan barkwanci ne da ya shiga rubutu. Kamfanin NNPC na Zariya ya buga masa Kulɓa na ɓarna a 1979, littafin ya shiga makarantu. Can akwai maɗaba'a, akwai ɗalibai masu jarrabawar Hausa, saboda haka akwai dalilin zama a rubuta. A Nijar makaranta ta Faransanci ce. Makarantun gwaji masu koyarwa da harsunan gida, waɗanda aka buɗe ta farkonsu a Damagaram a 1973, ba su taɓa yawa ba. Ɗan Damagaram da ya so a buga wasansa, Faransanci ya nufa, kamar André Salifou (1942-2022) da Tanimoune, wanda aka buga a Paris a 1973. Sakamakon abin mamaki ne: wasan da ke ba da tarihin babban sarkin Damagaram yana laburare, mai tallan fura a Zango ba ta iya karanta shi, wasannin da take iya ba da labarinsu daga farko har ƙarshe kuwa ba su laburare.

4. Abin da sauyin ya ci

Ba za mu ɓoye ba, akwai inda wasannin nan suke gajiyar da mu, kuma kusan kullum wuri ɗaya ne: fitowar ƙarshe. Bayan an sha rikici, sai a taru gaban sarki ko alƙali ko wani babba na gwamnati, ya yi jawabi, ya ba mai gaskiya gaskiyarsa, ya ja kunnen jama'a. Mai sauraro da kunnen nazarin harshe zai ji yadda Hausar ke canzawa nan take. Karin magana ya ragu, habaici ya ɓace, jumloli suka miƙe, aka koma Hausar sanarwa irin ta bayan labaran rediyo. Muryoyi da yawa sun zama ɗaya.

Ɗan wasa ba ruwansa da wannan. Ya yi nasa ya sauka. Mai tsarawa shi ke da alhakin ƙarshen labari, shi ne kuma ke fuskantar mai gidan rediyo da alƙalan gasa. A zamanin mulkin soja an yarda a taɓa ƙaramin ma'aikaci mai cin hanci, da alhaji mai haɗama, da malamin ƙarya, muddin gyara zai fito daga sama. Wannan iyaka ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa, wawan sarki ma ya san inda yake tsayawa. Bayan taron ƙasa na 1991, da aljihun gwamnati ya yi sanyi, masu ba ƙungiyoyin wasa aiki suka zama furoje-furoje da ƙungiyoyin agaji: rigakafi, sida, karatun ƴaƴa mata, zaɓe. Saƙonnin ba mu da ja a kansu. Amma wasan da aka fara daga darasinsa, aka nemo masa labari daga baya, da wuya ya bar wa baƙauye damar ya fi ma'aikaci gaskiya. A daidai wannan lokaci kuma finafinan bidiyo na Kano, da suka soma da Turmin danya a 1990, suka cika kasuwannin Damagaram da Maraɗi, suka tafi da ƴan kallo.

Wasu abokan aikinmu suna karanta jawabin ƙarshen nan a matsayin wayo: a ba hukuma minti biyar ɗinta, a riƙe sauran. Gaskiya ne cewa in ka tambayi mutane abin da suke tunawa, tsakiyar wasa suke kawowa, ba wa'azin ba. Duk da haka muna jin tsoron a mai da malamin makaranta ɗan tawaye da ƙarfi da yaji. Ya fi sauƙi a yarda cewa mutanen nan sun yi imani da wayar da kai, kuma imanin nan ne wani lokaci yake danne musu kunne.

5. Kaset da takarda

Dokar ƙasa da aka zartar a Maris 2025 ta ba Hausa matsayin harshen ƙasa, ta bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. In za a koyar da Hausa da gaske, za a buƙaci wasannin da za a karanta a aji, kuma hankali zai koma kan wannan taska. Abin da ya rage daga cikinta yana kan faifan maganaɗisu, wanda zafi da ƙura ba su raga masa, da kuma guntayen da masu sha'awa suke ɗorawa a intanet ba suna ba shekara.

Shawararmu ga sashen nan ita ce a fara da wasa ɗaya, a juye shi a na'ura, sannan a rubuta shi layi biyu: na sama yadda aka furta, da karin harshe da surkin Faransanci da alamar shiru da ta dariyar ƴan kallo, na ƙasa da daidaitacciyar Hausa don ɗalibi. Fassarar Faransanci ta zo a shafin da ke fuskantarsa, kamar yadda muka saba a waɗannan takardu, ko da yake mai fassara zai sha wuya wajen nuna Faransancin ma'aikaci a cikin Faransanci. A bango a sa sunayen dukan ƴan wasa, tunda kalmomin nasu ne, a sa na mai tsarawa daban. Sannan a zauna da waɗanda suka rage daga cikin ƴan ƙungiyar, a kunna musu faifan fitowa bayan fitowa, a tambaye su abin da aka yanke a wurin gwaji da wanda ya ce a yanke.