Mai Rubuta Dariya: Nazarin Wasan Barkwanci na Talabijin daga Samanja zuwa Gidan Badamasi

Mai kallon talabijin a Minna, ko a Bosso yake ko Tunga ko Chanchaga, zai iya lissafo maka 'yan wasan da suka taɓa sa shi dariya har da hawaye. Amma ka tambaye shi wa ya tsara labarin, wa ya tara 'yan wasan, wa ya nemo kuɗin ɗauka, sai ya yi shiru. Alhali kuwa wannan mutum na bayan fage, marubuci kuma furodusa, shi ne ke sa shiri ya shekara goma ana jiransa kowane mako, ko ya mutu kafin wata uku.

Sana'ar ba daga sama ta faɗo ba. Tun kafin akwatin talabijin, Bahaushe yana da 'yan kama masu kwaikwayon malamai, da wasan tashe na watan azumi, da wasan taubasai, da tsokanar da ke tsakanin Katsinawa da Nufawa ko Fulani da Barebari. Duk waɗannan suna da ƙa'ida ɗaya: a faɗi gaskiya mai ɗaci ta hanyar da ba za ta raba zumunci ba. A rubuce ma, ɗan Jihar Neja ne ya nuna yadda ake ɗinka raha da hikima, wato Abubakar Imam, haifaffen Kagara a 1911, mawallafin Magana Jari Ce. Da aka buɗe gidan talabijin na Kaduna a 1962, sannan aka haɗa tashoshin ƙasa ƙarƙashin NTA a 1977, wannan gado ne masu shirya wasanni suka tarar.

Babu wanda ya fi Usman Baba Pategi, Samanja Mazan Fama, nuna yadda ake cin gajiyar gadon. Banufe ne, an haife shi a 1942 a Pategi, tsallaken kogin Kwara daga ƙasar Nufawan Neja. Ya yi aikin soja har zuwa 1985, kuma daga barikin ya ɗebo kayan aikinsa. Shirin Samanja, wanda aka sha ji a Rediyon Kaduna ana kuma kallonsa a NTA Kaduna, bai dogara da faɗuwa ƙasa ko murguɗa fuska ba. Ya tsaya ne a kan hali: mutum mai tsawa ga ƙananan sojoji, mai rawar jiki gaban hafsa, wanda idan ya koma gida iyali su nuna masa iyakar igiyarsa. Sannan ga harshe, Hausar bariki gauraye da Turancin buroka, irin wadda ake ji a duk garin da soja da ma'aikatan jirgin ƙasa suka zauna. Mutanen Minna ba sa bukatar tafinta a nan, domin garinsu na jirgin ƙasa ne kuma na bariki.

Abin lura shi ne lokacin da aka yi wannan wasa. Ƙasa tana hannun soja, farar hula na tsoron kaki, ga kuma wani yana sa su yi wa kakin dariya a tashar gwamnati. Ya iya hakan ne don ya san cikin gidan, ya san inda tsokana ke tsayawa. Wannan sanin iyaka shi ne rabin aikin furodusan barkwanci.

Tsarin aiki na wancan zamani yana da ƙarfinsa da rauninsa. Tasha ce ke da kyamara da ɗakin ɗauka da lokacin watsawa. Sau da yawa mai shiri kan zo da ƙashin labari ne kawai, a zauna a raba rawa, kowa ya sa nama da bakinsa. Shi ya sa maganar ke fitowa da rai, kamar yadda aka gani wajen Kasimu Yero a Karambana, da Karkuzu a Jos. Sai dai abin da ba a rubuta ba, ba a gadonsa. Shirin kuma mallakar tasha ne, ba na wanda ya ƙirƙira ba. Kasimu Yero ya rasu a 2017, Samanja a 2023, kuma matashin da ke son koyon sana'arsu yau gutsattsarin bidiyo kawai zai tsinta a YouTube.

Zamanin finafinan bidiyo na Kano ya juya lamarin. Rabilu Musa Ibro mutum ne mai baiwa ta gaske, amma kasuwa ta koyi cewa sunansa a bangon kaset ya isa ya sayar da fim, sai rubutu ya koma baya, dariya ta rataya a wuyan mutum ɗaya. Ya rasu a Disambar 2014, shekarar da Arewa24 ta fara watsa shirye-shirye, kuma tashar ta dawo da ɗabi'ar jiran shiri mako-mako. A nan aka ga Gidan Badamasi daga 2019, wanda Nazir Adam Salih ya rubuta, Falalu A. Dorayi ya ba da umarni. Attajiri tsoho mai maƙo, da tarin 'ya'yan da idonsu ke kan dukiyarsa: wannan gini ne da zai iya haifar da rigima sabuwa kowane mako ba tare da an maimaita ba, domin kowane ɗa da halinsa, kowane hali da abokin karonsa. Marubucin littafi ne ya zauna ya tsara shi, kuma hakan ya nuna.

Yau waya ta sa kowa na iya ɗaukar barkwancin minti ɗaya ya saka a TikTok ko Facebook. Wannan ƙofa ce mai kyau, amma minti ɗaya ba ya gina hali, kuma neman masu kallo da gaggawa kan ja yara zuwa zagi da yi wa naƙasa ko ƙabila dariya. Wanda ke son ya mai da abin sana'a dole ya koyi abin da magabata suka sani: sauraron mutane a kasuwa da tasha, gina gida guda da mutanen cikinsa, da bambance tsokana da cin mutunci.

Minna tana da abin rubutawa: Bagware mai ƙasa, Banufe, Bahaushe ɗan kasuwa, ma'aikacin sakatariya, ɗalibin jami'ar fasaha, duk a gidan haya ɗaya. Abin da ya rage shi ne tashoshin garin, na tarayya da na jiha, su ba marubuta fili, su sa sunansu a allo, su rubuta yarjejeniyar da za ta ba su rabo a abin da suka ƙirƙira, su kuma adana rubutun da hotunan. Idan aka yi haka, mai basira zai iya zama a garinsu ya ci abinci da alƙalaminsa, ba sai ya tafi Kano ko Kaduna ba.