Jinjina ga malamin da ke kai yara bakin gulbi

Ina jinjina wa malamin firamaren da kan ajiye alli, ya ja ɗalibansa zuwa wurin tsofaffin Sarkawa masunta. A can yaro zai riƙe ƙurungu da hannunsa, ya bambance tarwaɗa da ƙarfasa, ya ji yadda gaiwa ke shigewa laka ta yi rani guda har ruwa ya dawo. Sai a nuna masa ɓarnar gidan sauro idan aka mai da shi koma, domin ko 'ya'yan kifi ba ya bari. Yaran Argungu kuwa darasi na ƙofar gidansu: ana hana kamun kifi a kogin Matan Fada sai lokacin bikin kamun kifi, shi ya sa giwan ruwa ke samun sararin ƙosawa.