Nahawu, Mandiƙi da Balaga a Makarantun Kirista: Sharhi a kan Tsarin Dorothy Sayers daga Mahangar Illela

A shekarar 1947 marubuciyar Ingila Dorothy Sayers ta gabatar da lacca a Oxford mai taken The Lost Tools of Learning, inda ta koka da cewa makarantun zamani suna ɗura wa yara darussa barkatai, amma ba sa koya musu yadda ake koyo. Maganin da ta kawo shi ne komawa ga fannoni uku da makarantun Turai na tsakiyar zamani suke farawa da su: nahawu, mandiƙi da balaga. A kan wannan lacca Douglas Wilson da abokansa suka gina makarantar Logos a jihar Idaho ta Amurka a 1981, ya kuma wallafa littafi a kan tsarin a 1991. Daga nan makarantun Kirista masu bin tafarkin magabata suka yaɗu, har gidauniyar Rafiki ta kawo tsarin ƙasashen Afirka, ciki har da Nijeriya, a kusa da Jos. Wannan sharhi zai auna ƙimar tsarin ga yara da iyalai, ta hanyar ɗora shi a kan ma'aunin gari irin Illela.

Sayers ta raba ƙuruciya gida uku. A matakin farko yaro yana jin daɗin hadda da maimaitawa, sai a ba shi nahawu, a wurinta na harshen Latin. A na biyu yana son musu da kama kuskuren manya, sai a koya masa mandiƙi domin gardamarsa ta samu ƙa'ida. A na uku yana son bayyana ra'ayinsa, sai a koya masa balaga. Makarantun da suka ɗauki tsarin sun ƙara rukunai biyu: aƙidar Kirista ita ce cibiyar kowane darasi, kuma iyaye ne ke ɗauke da nauyin tarbiyya, makaranta mataimakiya ce kawai.

Adalci ya wajabta a ce tsarin yana da ƙima ta haƙiƙa. Gabatar da ilimin alat a kan tarin bayanai abu ne da ɗalibin zaure ya sani tun daga Ajurumiyya zuwa Alfiyyar Ibn Malik da Sullam na Ahdari. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo, a cikin Ida'un Nusukh, ya lissafa malamansa da littattafan da ya karanta a wurinsu, kuma littattafan nahawu irin su Ajurumiyya, Mulha da Ƙaɗrun Nada suna cikin farkon abin da ya ambata. An yi irin wannan karatu a Ɗagel, a ƙasar Gwadabawa mai maƙwabtaka da Illela. Haka nan mayar da nauyin tarbiyya ga iyaye gyara ne ga ɗabi'ar miƙa yaro ga malami a juya baya, ɗabi'ar da ba ta bar gidan Musulmi ko na Kirista ba. Iyalin da ke zama tare su karanta nassi, su tambayi yaro abin da ya fahimta, sun ba shi abin da kuɗin makaranta ba ya saye.

Sai dai tsarin yana da rauni a wurare uku. Na farko, rabon matakan nan bai ginu a kan bincike ba. Sayers da kanta ta bayyana cewa ta dogara ne da tunawa da ƙuruciyarta. Malaman tsakiyar zamani sun ɗauki nahawu, mandiƙi da balaga a matsayin fannoni, ba matakan shekaru ba. Duk wanda ya karantar da yara ya san cewa ɗan shekara shida yana tambayar dalili, kuma baligi bai wuce bukatar hadda ba.

Na biyu, masu tsarin sukan gabatar da wannan gado kamar ya taso daga Girka da Rum ya zarce Turai kai tsaye. Tarihi ya fi haka faɗi. Agustin, wanda ya rasu a 430 kuma ya kafa hujjar halascin amfani da balagar Rumawa wajen hidimar addininsa, limamin Hippo ne, a Aljeriya ta yau. Hunainu ɗan Ishaƙ, Kirista a Bagadaza, ya jagoranci fassara littattafan Girka zuwa Larabci, kuma Farabi ya karanci mandiƙi a wurin malamin Kirista Yuhanna ɗan Hailan. A ƙarni na huɗu na Hijira an yi shahararriyar munazara a Bagadaza tsakanin Sirafi, masanin nahawu, da Matta ɗan Yunus, Kirista masanin mandiƙi, a kan wane fanni ne ma'aunin magana ingantacciya. Daga baya sharhohin Ibn Rushd a kan Aristo suka shiga jami'o'in Turai da Latin. A ƙasarmu ma, Magili, wanda ya zauna Kano a zamanin Muhammadu Rumfa, ya kare mandiƙi a musayarsa da Suyuɗi. Manhajar da ta tsallake wannan silsila ta rage wa yaron Kirista sanin nasa gadon.

Rauni na uku shi ne mafi nauyi, kuma a Illela yake fitowa fili. Yaron wannan gari yana magana da Hausa a gida da kasuwa, yana hadda da Larabci a makarantar allo, yana kwafar Turanci a firamare, ɗan'uwansa kuma a Birnin Kwanni, tsallaken iyaka, yana fama da Faransanci. 'Ya'yan Kiristocin garin, na 'yan kasuwa da ma'aikata, su ma suna tsakanin harshen iyayensu da Hausa da Turanci. Waɗannan yara ba hadda suka rasa ba. A matakin hadda suka maƙale. Ƙara musu Latin ƙarin kaya ne a kan jakin da ya riga ya durƙusa. Abin da suke bukata daga tsarin shi ne mataki na biyu da na uku, wato auna hujja da bayyana ma'ana, kuma ba a fara koyon waɗannan sai da harshen da yaro yake tunani da shi.

Magabatan addinan biyu a wannan ƙasa sun fahimci haka. Nana Asma'u ta isar da ilimi ga matan karkara ta hannun jajis na 'Yan Taru da waƙoƙin Hausa da Fulatanci, duk da ƙwarewarta a Larabci. A ɗaya ɓangaren, Dokta Walter Miller na mishan ɗin Zariya ya shafe shekaru yana aikin fassara, har aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Kowannensu ya riƙe nassinsa, amma ya buɗe ƙofar fahimta da harshen gida.

Saboda haka, ƙimar tsarin ga iyalin Kirista a Illela tana cikin hanyarsa, ba cikin Latin ko jerin littattafan Turai ba. Uba Musulmi kuma ya sani cewa waɗannan makarantu ba sa ɓoye cewa aƙidarsu ce ginshiƙin kowane darasi, don haka hanyar ce abin nazari a gare shi, ba makarantar ba. Tambayar da tsarin ya bar wa malamanmu ita ce: yaron da ya sauke, ko ya gama firamare, zai iya bayyana da Hausa abin da ya haddace, ya kawo dalili, ya saurari mai saɓa masa cikin ladabi? Idan bai iya ba, alat ɗin da Sayers ta ce sun ɓace a Ingila sun ɓace a wurinmu ma, alhali littattafansu suna nan a zaurukanmu. Allah ne mafi sani.